Shekarar da Na Yi Kiwon Alade a Diffa

Ranar Talatar farko ta watan Oktoba na shekarar 1956, ranar kasuwar Diffa, ina zaune a gindin tsamiya kusa da Inna tana suyar waina, ni kuma ina zuba wa masu saye a kwanoninsu, sai ga wata kamyo ta ɓullo daga hanyar Gigimi tana nishi cikin rairayi. A wancan zamani zuwan mota abin kallo ne, don haka rabin kasuwa ya tashi ya kewaye ta. Aka sauke buhuna, aka sauke ganguna, daga ƙarshe yaran mota suka sauko da wani akwatin katako mai ramuka suna kawar da fuska. Wani abu ya tsala ihu a ciki, ihun da ba na akuya ba, ba na kare ba, mai shiga har cikin haƙori. Direba ya ɗaga murya ya ce, "Ina kukun Bature? Ga saƙon maigidansa!" Wani Bafillace ya leƙa ta rami, ya ja da baya, ya tofar da yawu ya ce, "A'uzu billahi, alhanzir ne!" Nan take mutane suka dare. Kukun Baturen nan kuwa mahaifina ne. Ina kallo ya ratso jama'a da farar rigarsa ta aiki, ya sunkuya, ya ɗora akwatin a ka, wani ruwa mai ɗoyi yana ɗiga a kafaɗarsa. Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta zuba wa tanda ido har waina ta ƙone, abin da ban taɓa ganin ya same ta ba.

Ba mu cika shekara a garin ba a lokacin. Mu mutanen Damagaram ne. Baba ya koyi girkin Turawa tun yana saurayi, kuma yana yi wa wani Bature mai duba lafiyar shanu aiki, wanda mutane ke kira Mai Allura. Da aka turo Baturen gabas don ya yi wa garkunan Fulani da na Barebari allurar cutar bushiya, sai ya ce kukunsa ya biyo shi. Muka ɗaure tabarmi da tukwane a ƙarshen sanyi, Inna da ciki, ni ina da shekara takwas, muka yi kwanaki a hanya ta Gure da Maine, wani wuri a mota, wani wuri mu sauka maza su tura ta. Diffar da muka tarar ƙauye ce ta bukkoki da dangar zana, gidajen ƙasa kuwa yatsun hannu sun isa ƙirga su. Bature da matarsa suna cikin ɗaya daga ciki, mai rumfa a gaba, mu kuma aka ba mu bukkoki biyu a bayansa.

Watannin farko Inna kullum sai ta yi kuka a ɓoye. Ba ta jin Barbarci, ba ta da kowa, kogin da aka yi ta ba mu labari kuma muka same shi rairayi zalla, sai an tona rami ake samun ruwa. Maƙwabciyarmu Ya Fanna ce ta fitar da mu daga wannan kaɗaici. Babarbariya ce doguwa mai tsage a kumatu, Hausarta a karye, amma bakinta ba ya hutawa. Ita ta koya wa Inna burabusko da miyar busasshen kifi, ita ta nuna mata gindin tsamiyar da za ta kafa tanda. Da damina ta sauka, kogin Komadugu ya kawo ruwa, a makon nan aka haifi ƙanena Sani, kuma Ya Fanna ce ta yanke cibiya, ta yi ta dafa ruwan wankan jego har kwana arba'in. Ni kuma na sami ƙawaye. Da safe mu je makarantar allo, da hantsi mu ɗauki tulu zuwa kogi, mu tsaya muna ƙera shanun laka a bakin ruwa, muna jifar goruba, muna carafke da ƴaƴan kanya, har sai an aiko a kira mu. Cikin wata shida na iya zagi da waƙa da Barbarci. Sai muka fara jin kamar mun zama ƴan gari, kafin akwatin nan ya sauka.

Da yamma Baba ya yi mana bayani yana kallon ƙasa. Bature zai yi baƙi ranar sallarsu ta Nowel, wadda ƴan tsallaken kogi ke kira Kirsimeti, kuma a ƙasarsu da naman alade ake wannan biki. An aiko masa da ɗan ƙarami don a yi kiwonsa wata uku ya yi ƙiba. Madam, matar Bature, ta ce ba ta son wari kusa da ɗakinta, saboda haka a kafa masa shinge a bayan bukkar kuku. Inna ta ce, "Malam, a bayan ɗakin da nake shayar da yaro?" Baba ya ce, "Wata uku ne. Ki yi haƙuri." Sai maganar wanda zai kula da shi ta taso. Baba hannunsa na abincin Bature ne, an hana shi taɓa dabbar. Inna tana da goyo, kuma abinci take sayarwa. Ba a ambaci sunana ba, don ni ƴar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, Baba kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya dai juyo ya ce, "Uwata, ke za ki taimake ni."

Har yau idan na tuna aikin nan sai yawu ya taru a bakina. Kowace safiya kafin in ɗauki allo sai in ɗauki bokitin ragowar kicin, wanda ya kwana ya yi tsami: ɓawon kabewa, guntun burodi, ruwan wanke kwanoni, madarar da ta lalace, a haɗa da dusa a dama. Da ya ji motsina sai ya fara ihu yana tura zana da hanci. Fatarsa ja-ja ce kamar ta mutumin da ya ƙone, da gashi tsilli-tsilli fari, idanu ƙanana masu gira kamar na ɗan Adam, kuma wannan kama da mutum ita ta fi tayar mini da zuciya. Yana cin abinci da ƙafafunsa biyu cikin akushi, yana tauna yana gurnani, ruwan yana dalala ta gefen baki. Madam ta ce dole a riƙa zuba masa ruwa a ƙasa don ya ji sanyi, sai wurin ya zama taɓo baƙi, haɗe da kashi da fitsari, ya kwanta a ciki ya yi birgima. Ni ce mai kwashe kashin da fasasshen ƙoƙo in kai bayan gari. Ƙudaje kore manya suka tare a gidanmu, su tashi daga taɓon su sauka a bakin Sani yana barci. Warin ya shiga zannuwanmu, ya shiga tabarma, ya shiga kitsona. Ina dawowa Inna za ta tsayar da ni a ƙofa in wanke hannu da ƙasa, in sake da toka, in sake da sabulu, duk da haka idan na kai loma baki sai in ji shi a yatsuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabbar nan ta fi mu cin daɗi. A shekarar nan gero ya yi wuya, tuwonmu sau ɗaya ne a yini, amma Madam takan zo ta tsaya daga nesa da ƙyalle a hanci, ta ce bai yi ƙiba ba, a ƙara masa madara. Na sha ɗaukar ƙwaryar nono mai kyau daga hannun Bafillata in juye a akushin alade cikina yana kuka. Wata rana na ga guntun burodi mai tsabta a saman bokiti, ban san lokacin da hannuna ya kai kansa ba. Na kai shi har leɓe, sai na tuna abincin wane ne, na jefar, na tsuguna a bayan danga na yi ta kakarin amai ba abin da ya fito.

Gari kuma ya juya mana baya a hankali, ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Masu sayen waina suka ragu, har ranar kasuwa Inna kan dawo da rabin ƙullu. A kogi, ƴan matan da muke wasa tare suka daina barin tuluna ya taɓa nasu, suka sa mini suna Mai Alade, suna toshe hanci idan na wuce. A makaranta Malam bai kore ni ba, amma ya ce in riƙa zama a ƙarshen layi, kuma allona kada a jingina shi da na sauran. Wannan duk na iya jurewa. Abin da ban iya jurewa ba shi ne mutanen da ke tofar da yawu a ƙofarmu su ne kuma ke zagayowa ta baya su roƙi Baba gwangwanin da Bature ya yar, ko ya sa musu baki a yi wa shanunsu allura da wuri. Ya Fanna kaɗai ba ta canza fuska ba. Ta daina shigowa, gaskiya ne, amma takan tsaya a bakin danga ta miƙo kifi ko albasa ta ce, "Ƙazantar ta mai ita ce, ba taku ba."

Wajen tsakiyar Nuwamba, alade ya yi girma ya yi ƙarfi. Wata safiya muna wajen ɗiban ruwa ya fasa zana ya shigo tsakar gida. Muka dawo muka tarar da kansa tsundum cikin ƙwaryar ƙullun waina, ya kifar da tukunyar miya, ya tattaka tanda, Sani kuma yana kwance a tabarma bai fi taku uku da shi ba. Inna ta saki tulu ya fashe, ta suri ɗanta. Ba ta yi ihu ba. Bayan na ja dabbar da igiya na mayar, sai ta ɗauki taɓarya ta bi kayan girkinta ɗaya bayan ɗaya, tukwane da ƙore da tandar da ta taho da ita tun daga Damagaram, ta farfasa su duka, har waɗanda bai taɓa ba. Da Baba ya zo ya ga tsakar gida, ta ce masa, "Ka gaya wa maigidanka ya ci sana'ata. Saura me yake so?" Baba ya tsuguna yana tsince fasassun tukwanen. Daga ranar ba ta sake suya ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai da na tsufa. Dabbar nan ta san ni. Idan wani ya wuce ba ta motsi, amma takuna ta sani, kuma idan na gama zuba abinci takan goga gefenta a ƙafata. A lokacin da ba yarinyar da ke yi mini magana a gari, aladen kaɗai ke murna da zuwana. Wata rana na sami kaina ina sosa masa baya da kara yana lumshe ido. Da na farga sai ƙyamar ta koma kaina, na tafi kogi na yi ta cuɗa jikina da rairayi har fata ta yi zafi.

Ranar jajibirin Nowel aka nemi mahaucin da zai yanka, duk garin ba wanda ya yarda. Da hantsi Bature ya fito da bindiga ya ce in kira aladen bakin shinge, tunda ni yake ji. Na buga bokiti, ya taho da gudu yana murna, aka harbe shi a goshi. Dokar da ta hana Baba taɓa shi ta tashi nan take. Shi ya tafasa ruwa ya kwarara masa, ya kankare gashin da wuƙa, wani ƙauri mai kama da na jiƙaƙƙen tsumma ya cika gidan. Shi ya farke cikin, ya zura hannu har gwiwa ya jawo hanji, ni ina riƙe da tasa. Madam ta ce kada a zubar da jinin, za a cusa shi cikin hanji a dafa. Na ga leɓunan Baba suna motsi da istigfari, hannunsa kuwa bai tsaya ba.

Nowel ta faɗo ranar Talata, ana jin hayaniyar kasuwa daga nesa. Baƙi suka iso da motoci biyu daga Maine da Gigimi, aka jera tebur a rumfa, aka sa reshen bagaruwa a gwangwani aka rataya masa auduga da takardu masu ƙyalli. Ni aka sa ni wankin faranti a gefen rumfar, ina ganin komai. Baba ya fito da aladen a kan babban faranti, gasasshe, kansa da kunnuwansa duk suna nan, an cusa masa lemun tsami a baki. Suka yi tafi. Suka ci, suka sha giya, maiƙo yana sheƙi a haɓarsu, farantan suna zuwa mini da kitse fari da ya daskare, ga ruwan wankin ya yi yauƙi yana manne mini a hannu. Da la'asar ta gabato fuskokinsu sun yi ja, muryoyi sun tashi. Sai Bature ya kira Baba don baƙi su yaba masa. Ya dafa kafaɗarsa, ya soki tsoka da cokali mai yatsu, ya kai ta daidai bakin Baba, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Kuku, ɗanɗana aikinka!" Duka teburin ya fashe da dariya. Baba ya ja kai baya kaɗan, naman yana bin bakinsa, ya ce, "Mersi, Mushe, na ƙoshi." Kuma ya yi dariya tare da su.

Dariyar nan ita ce abu mafi muni da na gani a shekarar. Na ga taɓo, na ga hanji, na ga ƙudaje a bakin jariri, amma ba abin da ya ƙona mini rai kamar haƙoran mahaifina a waje, yana taya mutane dariyar kansa. Kafin su tashi Madam ta kira ni ta ba ni alewa da ƴar tsana ta roba, ta ce ladan kiwo ne. Ban taɓa riƙe irinta ba, kuma raina ya so ta ƙwarai, amma launin jikinta sak na aladen bayan an kankare shi. Na kai ta bayan danga na tura cikin ramin gara. Naman kuwa ko rabi ba su ci ba. Washegari ya fara wari, aka ce Baba ya haƙa rami ya binne. Wata uku na wahalata, da nonon da na juye, da tukwanen Inna, duk suka shiga rami ɗaya.

Kwana biyu Baba bai ci abinci ba. Inna ta ajiye masa tuwo, ya duba hannunsa, ya ture kwanon. Ni kuma na ƙi haɗa ido da shi, kuma ya lura. A rana ta uku da safe ya wanke farar rigar aiki, ya shanya, ya ninke ta, ya ce, "Uwata, zo ki raka ni." Muka tarar da Bature a rumfa yana shan kafe. Baba ya ajiye rigar da makullin kicin a tebur, ya ce ya gode, ya bar aiki. Bature ya yi mamaki na gaskiya. Ya ce wasa ne kawai, ya ce zai ƙara masa albashi, ya ce a wannan daji wa zai ba shi aiki. Baba ya ce, "Allah yana nan." Wannan karon fuskarsa ba dariya. A hanyar komawa ya riƙe hannuna.

Barin aiki ya zama barin gida, don bukkokin na Bature ne. Mijin Ya Fanna, Ba Kiyari, yana da garka a bakin kogi ta wajen Shetimari, ya yanka wa Baba gefe ɗaya, ya ba mu rumfar kara muka zauna. Mutumin da ya saba da wuƙa da cokali ya koma jan jigo tun fitowar rana, yana ɗebo ruwa da gora yana juyewa a kwari, ni ina bin fangali ina buɗe wa ruwa hanya da ƙafa. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya yi jini. Alkamarmu ta farko tsuntsaye suka cinye rabi, albasa ta ruɓe don bai san awon ruwa ba, maƙwabta suna dariyar kukun da ya zama manomi. Mun sha yunwa a bazarar nan fiye da yadda muka taɓa sha, akwai ranar da goruba muka gwagwiya muka sha ruwa. Inna ta yi masa gori ba sau ɗaya ba, ta ce da ya yi wannan zuciyar tun ranar akwati da tandarta tana nan. Amma tare suke ci a kwano ɗaya idan ba baƙo, abin da na daɗe ban gani ba. Sai a shekara ta biyu tattasai ya karɓe mu, muka shanya shi ja wur a tabarmi har ba wurin taka ƙafa, Inna ta sayi sabuwar tanda.

Na daɗe ina riƙe da dariyar nan a zuciyata kafin in yafe ta. Sai da na yi aure, na haifi nawa, na ga abin da mutum ke haɗiyewa don yara su ci, sannan na gane cewa mai mata da goyo a garin da ba nasa ba, ba kullum yake da ikon ɗaure fuska ba. Ban taɓa gaya masa na gane ba, har ya rasu.

Yau Diffa ta zama birni, da kwalta da fitilu, inji ya maye gurbin jigo, bakin kogin da muka yi noma kuwa shekarun nan ba kowa ke iya zuwa ba saboda rashin kwanciyar hankali. Ina da maƙwabta Kirista, mutanen kirki, duk Nowel sukan aiko mini da shinkafa da kaza, in ci in sa albarka, ni ma in aika musu da Layya. Jikokina sun ɗauka mu manoman tattasai ne tun asali, ba su san daga wane ƙazamin shinge aka faro ba. Shekarar aladen ba na kewarta ko kaɗan. Amma da za a mayar mini da safiya ɗaya a bakin Komadugu, Baba yana jan jigo ina tare ruwa da ƙafa, da na faɗa masa abin da na yi shiru a kai.